Tarbiyyar Matasa A Kan Shara Da Tattalin Ni'imar Allah

(Matanin laccar da aka gabatar ga malaman makarantun Islamiyya da iyayen yara a garin Ɗansoshiya, ƙaramar hukumar Kiru, jihar Kano.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gyara ta, Ya kuma hana bayinSa ɓata ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, malamai da iyaye da kuka taru daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, maudu'in da aka ɗora mana shi ne yadda za mu koya wa matasanmu hukuncin shara, da yadda ake sake cin moriyar abin da aka yar. Mai yiwuwa ne wani ya ce a ransa, ashe shara ma sai an tara malamai a kanta? Amsarmu ita ce, addinin da ya koya mana da ƙafar da za mu shiga bayan gida, ba zai yi shiru a kan juji ba. Babin farko da ɗalibi ke buɗewa a mafi yawan littattafan fiƙihu shi ne babin tsarki. Aibinmu shi ne mun tsayar da wannan babi a bakin buta, ba mu fito da shi ƙofar gida ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Iyayenmu sun rayu da ƙwarya da faifai da kwando da akushi da tulu. Idan ƙwarya ta fashe sai a kai wa gyartai ya ɗinke ta, idan ta mutu murus sai sakainarta ta koma ƙasa. Sharar gida kuwa, toka ce da ƙaiƙayi da kashin dabbobi, wadda ake lodawa a mangala a kai gona. Har sharar birnin Kano jakuna ke kwasa zuwa gonakin kewaye, manoma suna rububinta. A wancan zamani juji taki ne.

Yau jujin ya sāke. Wanda ya sayi gishirin naira hamsin sai an ba shi leda, wanda ya sha ruwa sai ya yar da leda, har alale ma a leda ake dafa shi. Ita kuwa leda tana shafe shekaru masu yawa a ƙasa ba ta ruɓe ba. Manomi ya kai taki gona, garma ta riƙa tono ta, tana tare ruwa, tana hana saiwa tafiya.

Ɓarnar ta fi tsanani a kan dabbobi, kuma mu nan mun fi kowa sani, domin ƙasarmu ƙasar kiwo ce. A dajin nan na Ɗansoshiya ne gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe rugar zamani ta makiyaya a 2020. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya. Idan rani ya yi, ciyawa ta ƙare, sai ta lashi ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai dai ta dunƙule a tumbi. Dabba ta daina cin kirki, ta rame, nono ya janye, mai ita yana ta sayen magani bai san cutar ba. Ku tambayi mahautan Kwanar Ɗangora ko na Tudun Wada abin da suke fitarwa daga tumbin shanu da awaki, za su ba ku labari.

Sannan ga ruwa. Kogin Kano yana gangarowa ta dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga nan ya wuce ya shayar da gonakin noman rani na Kadawa. Abin da yaro ya jefa a kwata a garuruwan da ke gefen wannan kogi, damina na iya kai shi ga mutanen da bai taɓa gani ba. Haƙƙinsu kuwa yana wuyansa, da wuyan wanda bai koya masa ba.

MATSAYIN SHARI'A

Ya kamata mu fara gyara wani kuskure. Lafazin nan da ya shahara a bakin jama'a, wanda ake rubutawa a bangon makarantu a kan cewa tsafta yanki ce ta imani, malaman hadisi sun bayyana cewa bai inganta daga Manzon Allah (S.A.W.) da wannan siga ba. Ba mu da bukatar jingina masa abin da bai tabbata ba, alhali ingantattun hadisai sun wadatar. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Malik Al-Ash'ari (R.A.) hadisin da ya sanya tsarki a matsayin rabin imani. Ya kuma ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin rassan imani, inda aka lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikinsu. Idan kawarwa imani ce, to yaya matsayin mai zubawa?

Haka nan ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwarsu, domin aiki ne mai jawo la'ana. Illar hukuncin ita ce cutar da jama'a a wurin da suke tarayya, kuma wannan illa tana nan a tulin sharar da ake jibgewa a lungu ko a bakin rijiya. Ƙa'idar hana cuta da ramuwar cuta kuwa, ɗalibanmu sun haddace ta, ita ce hadisi na 32 a cikin Arba'una ta Imamun Nawawi. Game da dabba, ya ishe mu tsoro labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Amma dalilin da muke so malamai su riƙe da kyau shi ne hadisin Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) da ke cikin Bukhari da Muslim. An bai wa wata 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna (R.A.) sadakar tunkiya, sai ta mutu, aka yar da ita. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya gan ta, sai ya tambayi dalilin da ya hana su cire fatar su jeme su amfana da ita. Suka ce ai mushe ce. Sai ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar amfanin da za a yi da irin wannan fata bayan jima, amma darasin a fili yake: ko a jikin mushe, bai yarda a yar da abin da ke da sauran amfani ba. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa shi da kansa yake gyara takalminsa, yake ɗinke tufarsa. Allah (S.W.T.) kuma Ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, Ya danganta masu yinsa da shaiɗanu. Saboda haka sake sarrafa abin da aka yar ba baƙon tunani ba ne da muka aro daga Turawa. Sunna ce muka bari, wasu suka ɗauka.

DON ME MUKA WARE MATASA?

Dalili na farko, su ne ake aika kasuwa, su ne ake bai wa kwandon shara, su ne masu talla da kiwo da feshi a gona. Sharar gari ta hannunsu take bi. Na biyu, wanda ya balaga ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa. Muna koya wa ɗan shekara 15 wankan janaba saboda ya zama wajibi a kansa, amma ba mu gaya masa cewa ledar da ya jefar ta kashe akuyar maƙwabci abin tambaya ce ranar ƙiyama ba. Na uku, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukuma ta gwada nata. Gwamnatin soja ta ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a 1985, kuma daga wannan zamani aka saba da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ƙasar Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an ga yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. Doka tana da amfani, sai dai wanda ya yi shara don tsoron bulala zai daina ranar da mai bulala ya tafi. Wanda ya yi don Allah ba ya bukatar ɗan sanda.

ABIN DA ZA A KOYA MUSU

Muna ba da shawarar a koya wa matashi kasa shara kashi biyar tun daga cikin gida.

Na ɗaya, mai ruɓewa: ɓawon kayan miya, toka, ganye, kashin dabbobi. A haƙa rami a bayan gida ko a gefen gona, a riƙa zubawa ana yayyafa ruwa ana juyawa, bayan 'yan watanni ya zama taki. Sharaɗinsa ɗaya, kada leda ko kwalba ko batir su shiga. A wannan zamani na tsadar takin zamani, wannan dukiya ce.

Na biyu, mai sayuwa: ƙarfe, gwangwani, gorar ruwa, fasasshen bokiti, tsohon silifa. A tara a buhu a sayar. Masu narka alminiyum suna ƙera tukwane da shi, masana'antun roba na birnin Kano kuma suna niƙa tsohuwar roba su sake zuba ta. Mutanenmu sun daɗe suna yanka takalmi daga tsohuwar taya, suna ɗinka guga daga tub.

Na uku, leda. Maganinta na farko shi ne rage karɓarta. Yaro ya tafi kasuwa da jaka ko kwando, ya tafi sayen koko da kwano. Wadda ta shigo gida a wanke a sake amfani da ita, wadda ta lalace a cusa a buhu a ɗaure, kada iska ta kai ta bakin dabba. A kuma gargaɗi 'yan mata a kan hura wutar girki da leda, domin hayaƙinta yana cutar da ƙirji, ga shi galibi da goyo a bayansu.

Na huɗu, mai guba, kuma a nan ne tattali ke zama haramun. Jarkar maganin feshi ba a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa ko nono, komai wankin da aka yi mata. A ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin injin feshi, a huda ta yadda ba za ta sake amfanuwa ba, a nisanta ta da yara da rijiya, a nemi shawarar malamin gona. Haka tsohon batirin mota ko na sola, kada a bar yara su fasa shi, domin dalma ce a ciki. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinaren da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Na biyar, takarda mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Abin kunya ne a ga shafin littafin Islamiyya an ƙunshe ƙosai da shi, ko yana yawo a kwata. Kowace makaranta ta tanadi akwati da za a riƙa tara irin waɗannan takardu, a ƙone su a wuri mai tsarki ko a binne. Madogararmu ita ce aikin Halifa Usman (R.A.) na ƙone sauran rubuce-rubuce bayan an haɗa mus'hafi, kamar yadda ya zo a Bukhari.

GAME DA 'YAN JARI-BOLA

Da yawa daga cikin masu yawo da buhu suna tsintar ƙarfe 'ya'yanmu ne. Kada mu wulaƙanta su, domin sana'a ce halattacciya, kuma ta fi bara nesa ba kusa ba. Amma mu koya musu iyakokinta. Abin da ke cikin gidan mutum ko gonarsa ba tsintuwa ba ce. Wayar lantarki da ƙarfen gada da kan famfon burtsatse dukiyar al'umma ce, cire su sata ce, mai sayensu yana sane kuma abokin tarayya ne a zunubi. Mai sikeli ya ji tsoron Allah kada ya tauye wa yaro awo. Su sa takalmi da safar hannu, kuma kada buhu ya raba su da makaranta ko salla.

KIRA

Muna kira ga shugabannin makarantu da su sanya wannan darasi a ƙarƙashin babin tsarki, a kuma aikata shi, ba a tsaya ga allo ba. A ware yini ɗaya a wata ɗalibai su share harabar makaranta da masallaci da hanyar da ke tsakaninsu, malam yana gaba da tsintsiyarsa. Kuɗin abin da aka sayar a rubuta shi a bayyane, a sayi alli da tabarmi. Idan wani ɗalibi ya ga shara ƙasƙanci ce, a tuna masa da matar nan mai share masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah (S.A.W.) ba, da ya ji sai ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Muna kira ga limamai su taɓo wannan batu a huɗuba kafin faɗuwar damina, da dagatai da masu unguwanni su keɓe wurin zubar da shara nesa da rijiya da burtali. Ku kuma iyaye, ku sani yaro ya fi koyi da hannunku fiye da bakinku. Uban da ya sha ruwa ya jefar da ledar a ƙofar masallaci ya rushe karatun wata guda.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da gidajenmu da garuruwanmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a gonakinmu da dabbobinmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.