Shirya Robar Mota Kafin A Fesa Mata Fenti

Jawabi ga matasa masu koyon gyaran jikin mota da fenti

 

Maganarmu ta yau a kan bamba ce, wato abin nan da ke kare gaban mota da bayanta. Dattawan da ke nan sun san Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975. Bambarta ƙarfe ce mai ƙyalli, ba ruwanta da fenti. Amma yawancin ƙananan motocin da ke kan hanya yau, bambarsu roba ce. Haka murfin madubi, haka murfin gefen babur.

Ku leƙa tasha ranar kasuwa. Za ku ga mota fentin ƙofofinta lafiya lau, amma na bamba yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai motar nan ya biya kuɗinsa. Zai koma gareji da faɗa, mai fenti kuma ya ce ai fentin ne jabu. Sau da yawa ba laifin fenti ba ne. An yi wa roba irin aikin da ake yi wa ƙarfe, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Ƙarfe yana riƙe fenti da sauƙi. Roba kuwa tana da santsi, tana lanƙwasa, kuma wata irin robar sam ba ta yarda wani abu ya manne mata.

Saboda haka abu na farko shi ne ka san robar da ke hannunka. Kwance bambar daga jikin mota, ka juya bayanta. In ka duba da kyau za ka ga haruffa da aka buga a jiki. A nan karatun da kuka yi zai yi muku rana. In ka ga PP, ko PP da EPDM, ko TPO, to ka haɗu da mai taurin kai. PP ita ce robar da ake saƙa buhun taki da ita, ita ce kuma ta kujerar roba. An fara yin ta don sayarwa a ƙasar Italiya a 1957. Tana da araha, ba ta da nauyi, tana jure duka, shi ya sa masu ƙera mota suke son ta. Amma fenti ba ya kama ta sai da taimako. In kuwa ka ga ABS, wannan tana karɓar fenti ba wahala, sai dai tina mai ƙarfi tana cin ta.

In haruffan sun goge, yanki ɗan ƙaramin ɓarɓashi daga baya inda ba a gani, ka jefa a kofin ruwa. PP takan taso sama domin ruwa ya fi ta nauyi. ABS takan nutse. Amma a kula, wani lokaci ana cakuɗa PP da garin dutse mai laushi, sai ita ma ta nutse. Don haka haruffa sun fi ruwa faɗin gaskiya.

To, sai wanki. A ganina nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne yara suka fi yin ha'inci, domin ba mai yaba wa wanki. Sabuwar bamba ba tsaftatacciya ba ce. A masana'anta ana amfani da wani abu mai maiƙo don kada roba ta manne a jikin mazubin da ake zuba ta. Wannan maiƙon yana nan a jikinta, ido ba ya ganinsa. Tsohuwar bamba kuwa ta sha baƙin mai, ta sha kwalta, ta sha man ƙyalli da masu wankin mota ke shafawa. Wannan man ƙyallin mugu ne. In ya saura ko kaɗan, fenti zai riƙa gudunsa, ya bar ƙananan ramuka a ko'ina.

Samu ruwan ɗumi da omo da soso. Wanke ciki da waje, lungu da saƙo, har gefen da hannu ke kamawa. Ɗauraye, ka sake wankewa. Ga yadda za ka gane ta fita: kwara mata ruwa mai tsabta ka duba. In ruwan ya shimfiɗu ya gangara bai ɗaya, alama ce mai kyau. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, ka sake wanki. Bayan haka ka goge da ruwan goge roba da ake sayarwa a shagon fenti. Kada ka sa fetur, kada ka sa kananzir, kada ka sa tina.

Kuma wanki ne kan gaba, samfefa a baya. In ka fara da samfefa, ka tura maiƙon cikin ƙarcen da ka yi ke nan, fitar da shi kuma sai an sha wuya.

A bayan kowace samfefa akwai lamba. In lambar ƙarama ce, takardar tana da kaushi. In babba ce, tana da laushi. Lamba 80 ta ƙarfe ce. In ka sa ta a kan PP, sai robar ta tashi da gashi-gashi, kuma faraima ba za ta rufe shi ba. Sabuwar roba tana son lamba 400 zuwa 600. Yi da hannu, a hankali, da ɗan ruwa, har ƙyallin ya mutu ko'ina. Inji yana ɗaukar zafi, zafi kuma yana narka roba. In tsohon fenti yana nan daram, sai ka ɗan ƙarce shi kawai. In yana ɓarewa, dole ya fita duka, domin sabon fenti ba zai fi na ƙarƙashinsa ƙarfi ba. Ka sake wankewa, ka bar ta ta bushe sarai a inuwa.

Akwai wata matsala ta lokacin hunturu. Kun san in yaro ya goga biro a gashin kansa, yakan ɗauki guntun takarda. Haka bamba take. In ka goge ta da busasshen tsumma, sai ta riƙa jawo ƙura. Yi amfani da tsumma mai ɗan danshi, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki, ka yi feshi da safe kafin iska ta taso.

Yanzu mun zo kan faraima. Faraimar ƙarfe ba ta kama PP. Akwai wata ta daban da ake kira faraimar roba. Kusan ba ta da launi, kuma aikinta shi ne ta kama roba ta ƙasa, ta kama fenti ta sama. Shafi ɗaya ko biyu marasa kauri sun isa. In ka labta da yawa, ita ma za ta ɓare. Karanta jikin gwangwani ka ga minti nawa za a jira, kuma kada ka bar ta ta kwana. Wata sabuwar bambar tana zuwa da faraimarta tun daga masana'anta. Wannan ba ta bukatar faraimar roba, wanki da ƙarce mai laushi sun ishe ta.

Daga nan sai faraima mai ruwan toka, ita ma shafi-shafi ba kauri. Akwai wani haɗi da ake ɗigawa a ciki don fenti ya riƙa lanƙwasa tare da roba. Ku tambaye shi a shago. In ta bushe, bi ta da lamba 600, sannan fenti.

Kada ku yi wasa da ƙirjinku. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin sa tauri, yana jawo ciwon asma. Hankici a hanci ba ya tare shi. A nemi abin rufe hanci da baki da aka yi don feshi, a yi aiki inda iska ke wucewa, a nisanta taba da wuta.

Kafin ka ɗaura bamba a mota, gwada aikinka. Tun farko ka fesa ɗan wuri a bayanta tare da sauran. In ya bushe sosai, ƙarce wurin da reza a gicciye, manna salatif, danna, ka fizge. In salatif ya fito babu fenti a jikinsa, ɗauko sukurai ka ɗaura. In ya taho da fenti, kada ka kira mai mota tukuna.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.