Karusar Absalom

Karatu: 2 Sama'ila 15:1-6



Wani saurayi daga nan Jalingo ya rubuto mini wasiƙa. Allah ya buɗe masa hanya a cinikin shinkafa da riɗi, yanzu kuwa ransa ya kwanta a kan wata mota irin ta tsere, Ferrari, da ya gani ana tallarta a Abuja. Ya ce, "Baba Fasto, gumina ne, ban saci na kowa ba. Zunubi ne in saya?"

Ɗana, Littafi Mai Tsarki bai hana kowa abin hawa ba. Yusufu ya hau karusa a Masar, baban nan na Habasha kuma yana cikin karusarsa ne Filibus ya same shi da bishara. Amma akwai wata karusa da nake so mu duba.

Absalom ɗan Dawuda ya samo wa kansa karusa da dawakai, ya kuma sa mutum 50 su riƙa gudu a gabansa. Ku yi tunani. Karusa don sauri aka yi ta. Wanda ya jera mutane a gaban dawakinsa, ai ba sauri yake nema ba, ba zai wuce gudun ƙafarsu ba. So yake Urushalima ta fito ta kalle shi. Da sassafe yakan tsaya a hanyar ƙofar gari, yana tarar masu kawo ƙara wurin sarki, yana yi musu daɗin baki har ya raba zukatansu da mahaifinsa. Karusar ce ta fara tona abin da ke cikinsa.

To, mu dawo gida. Irin motar nan kujera biyu gare ta. Ina uwargida za ta sa yara ran Lahadi? Cikinta kusan a ƙasa yake, ramin farko bayan ka bar Hammaruwa Way zai gaishe ta. In mahaifiyarka ta kwanta ciwo a ƙauye da damina, motar maƙwabci za ka ara. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kowa ya san yadda aljihu yake ji, ita kuwa shan mai take yi kamar rairayi. In wani abu ya lalace, daga Italiya za a jira shi.

Kai ma ka san duk wannan, ɗan kasuwa ne kai, ka fi ni lissafi. Shi ya sa tambayata ba ta kuɗi ba ce. Da a ce za ka tuƙa ta da tsakar dare kaɗai, ba mai ganinka, za ka saya? Idan amsar a'a ce, wa kake so ya gani? A ƙarshen wasiƙarka ka ambaci wani ɗan ajinku da ya taɓa yi maka dariya saboda tsohon babur ɗinka. Ina jin tsoro kada shi ne zai zauna a kujera ta biyu shekara da shekaru, ko da bai taɓa shiga motar ba.

A sura 18, ranar da Absalom ya mutu, a kan alfadari yake. Kansa ya maƙale a rassan wani babban itace, alfadarin ya wuce ya bar shi yana reto. Ba a ƙara ambaton mutum 50 ɗin nan ba.

Ɗana, ka dakata wata uku. Ka nuna wa matarka lissafin duka, ku yi addu'a tare. Sa'an nan ka sake rubuto mini, ina jira.

Bari mu yi addu'a.