An biya banki, saura a soke jingina

Yau zancenmu kan takardar gida ne, wadda ake ce wa titir.

Kowane titir yana da shafinsa cikin babban littafin filaye na gwamnati. Tsari ne na dokar 1932, tun zamanin Turawa. In mutum ya ci bashin banki, ya jinginar da gidansa, sai a rubuta jinginar a wannan shafi.

To, ga inda ake tuntuɓe. Ka biya bashi har dala ta ƙarshe, ka ce shi ke nan. A'a, da saura! Littafi bai san ka biya ba. Ranar da za ka sayar, ko magada suka zo rabo, sai a tarar da sunan banki yana nan daram, mai saye ya ja da baya.

Ka nemi banki ya yi maka takardar sakin jingina gaban notar. Ka kai ta biron masu riƙon littafin, tare da titir ɗinka, ka biya kuɗin aiki, a soke. In mai bin bashi ya ƙi sa hannu, alƙali ke ba da umurni.

Kuma kada ka fita biron sai ka ce a nuna maka inda aka rubuta an soke. Ai yanzu ka iya karatu, duba da idonka.