Umuganda a Ruwanda, gayya a wajenmu

Yau Ruwanda za mu leƙa.

A can, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11, shaguna a rufe suke. Mai shekara 18 zuwa 65 zai fito aikin unguwa: share titi, yashe kwata, wani lokaci gina wa mara ƙarfi ɗaki. Sunan abin Umuganda. Tsohuwar al'adarsu ce ta taya maƙwabci aiki, gwamnati ta mayar da ita doka. In an gama kuma a zauna a tattauna matsalolin unguwa, wanda a ganina ya fi sharar muhimmanci.

Kar dai mu tsaya a yabo. Akwai tara ga wanda ya ƙi fita, kun ga ba duka ne son rai ba. Kuma a 1994 masu kisan ƙare dangi sun yi amfani da wannan ɗabi'a ta amsa kiran shugaba wajen tara mutane.

To mu fa? Gayya muna da ita tun kaka da kakanni, a taru a yi wa mutum noma ko yaɓe. Ranar tsaftar muhalli ma akwai ta a Kano. Amma wallahi watan jiya a layinmu mu shida muka fito, sauran samari ƙwallo suka kafa a titi tunda babu mota. Kwatar nan har yanzu cushe take da leda, damina kuma saura wata biyu.