Tafiya Daidai da Ƙafar Yara

Karatu: Farawa 33:12-14



A wurin da muka karanta, Yakubu da Isuwa sun shirya bayan rabuwar shekara 20. Isuwa, da mutum 400 a bayansa, ya nemi su kama hanya tare. Yakubu bai yarda ba, domin yaransa ba su yi ƙwari ba, cikin garken kuma akwai masu shayarwa. Ya san korar yini ɗaya ta isa ta hallaka su. Sai ya zaɓi ya bi a hankali.

Mu iyayen yau fa? Yaro ya taso daga makaranta, ya wuce lesin har faɗuwar rana. Ran Asabar lesin WAEC, ran Lahadi bayan sujada lesin JAMB. Uba ya sayar da buhun masara, uwa ta kwashe adashinta, don a biya malami. Ba mu ce laifi ne ba, gama azuzuwa sun cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya bin kowa. Ɓarnar takan fara ne ranar da muka soma yi wa yaro lissafi yana cin tuwo: "Ka san nawa muka kashe a kanka?" Daga ranar nan, abin da muka bayar cikin ƙauna ya zama bashi a wuyansa. Da bashin yake kwana, da shi yake shiga ɗakin jarrabawa.

Ku tuna da JAMB ta 2025. Cikin ɗalibai kusan miliyan 2, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an sami kuskure a na'urorinta, ta kuma sanar cewa kusan 380,000 za su sake rubutawa. Kafin a yi sanarwar, yara nawa ne suka sha gori a gida?

Ƙaunatattu, mu buɗe ido. Masana lafiya sun ce matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. In ɗanmu ya kasa barci, ya rage cin abinci, kullum ciwon kai, ya daina zuwa koyon waƙa da ya saba so, kada mu yi saurin cewa lalaci ne, ko an yi masa asiri. Ciwon damuwa ciwo ne, yana kuwa da magani. Mu yi addu'a, mu kuma kai shi asibiti. In har ya furta cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba yaran da ke shirin jarrabawa barci mai daɗi a daren nan. Ka tsare bakinmu ranar da sakamako zai fito. Amin.