Neman Tallafi daga Kamfanin Wuta: Abin da Unguwa Za Ta Riƙe a Hannu

 

Da zarar taransifoma ta ƙone a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa, kowa ya san abin da ke biyo baya. Bayan sallar isha'i a taru a zauren mai unguwa, a yanka wa kowane gida kuɗi, mai injin niƙa da mai walda a ɗora musu ninki. Samari su ɗauki littafi mai layi-layi su bi gida-gida, har matar da ke sayar da ƙanƙara a soro ta kwance bakin zaninta. A sayo taransifoma, a yi walima. Daga ranar da aka jona ta da layin kamfani, ta zama ta kamfani ke nan, kuma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba. Wato mu ne muke tallafa wa kamfani, alhali mu ya kamata mu nema.

Tun ranar 1 ga Nuwamba 2013, lokacin da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Hukumar NERC, wadda ke sa ido a kansu, ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne. Ƙa'idarta ta 2015 a kan zuba jari a layukan wuta ta kuma buɗe hanya: in jama'a sun ga ba za su iya jira ba, su ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfani tun kafin su kashe ko sisi, a fayyace yadda za a mayar musu da kuɗinsu. Wannan takardar ce muke tsallakewa saboda zafin duhu, kuma a nan asararmu take.

Akwai wata ƙofar. A watan Fabrairu 2024 aka sa hannu a kan gyaran Dokar Wutar Lantarki ta 2023, inda aka ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwa da kamfanonin samar da wuta ke kashewa a shekara domin garuruwan da tashoshinsu suke. A lura, masu samarwa ake nufi, ban da masu rarrabawa. Duk da haka, mutanen Lambar Rimi, inda aka kafa injinan iska masu ƙarfin megawat 10, ya dace su karanta dokar nan da kyau. Hukumar REA kuma tana tallafa wa ayyukan sola a wuraren da wuta ba ta wadata ba.

To, me ake kai musu? Ofis ba ya ba taron jama'a kuɗi, ƙungiya mai rajista yake ba wa, mai asusun banki da sunanta, da masu sa hannu fiye da ɗaya. Mun ga haka a shirin CSDP na Bankin Duniya wanda ya fara a 2009, inda al'umma ke zaɓen kwamitinta, ta kawo kashi 10 cikin 100, a kuɗi ko yashi ko aikin gayya. Garuruwan da suka yi wannan a jihar Katsina sun riga sun iya aikin.

A ganina shafin ƙiyasi shi ne zuciyar takardar neman tallafi. Kada a rubuta "muna cikin mawuyacin hali" a tsaya. A ce gidaje nawa ne a kan layin, nawa ke da mita, akwai asibitin sha-ka-tafi ko makarantar dare ko rijiyar burtsatse da ke jiran wutar, taransifoma mai ƙarfin nawa injiniya ya ce ta isa, da farashinta daga 'yan kasuwa biyu ko uku. A haɗa da rasidan biyan kuɗin wuta, domin kamfani ciniki yake dubawa, unguwar da ke biya ita ce mai bakin magana. A sa mata cikin kwamiti, su ne suka fi sanin abin da rashin wuta ke cinyewa a gida.

In an kai takarda, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. In an ji shiru, da wannan kwafin ake ɗaukaka ƙara zuwa zauren sauraron koke na NERC.