Mai Cafke Ƙwallo: Lalle Ne Sai Da Gwani?

A shirinmu na yau za mu leƙa filin ƙwallon Amurka, wato wasan nan da ake kira ƙwallon ƙafa alhali yawancinsa da hannu ake yi. Waɗanda ke zaune a Amurka, ko kuma Landan inda ake kawo wasan tun 2007, watakila sun sha jin gardamar da za mu taɓa. Gardamar kuwa ita ce: shin lalle ne ƙungiyar da ke neman kofi sai ta mallaki gwanin mai cafke ƙwallo, irin wanda babu kamarsa, ko kuwa matsakaita uku ko huɗu sun wadatar?

Bari mu ɗan share fage domin wanda bai saba da wasan ba. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci gaba da yadi 10, in sun yi a sake ba su wasu 4, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6. Akan ci ƙasa ta hanya biyu, ko dai a danƙa wa wani ƙaƙƙarfa ƙwallon ya kutsa da gudu, ko kuma jagoran 'yan wasa, wanda za mu kira majefi, ya wurga shi sama. Wanda ke tsayawa can gefen fili, ya sheƙa a guje ya kuɓuce wa mai gadinsa ya cafe, shi ne mutumin da muke magana a kansa.

A da can wannan matsayi bai da daraja haka. Mai gadi yana da ikon ya yi ta bangazar mai cafke tun daga inda aka tashi har lokacin da aka saki ƙwallo. A 1978 hukumar wasan, wato NFL, ta hana wannan bangaza bayan yadi 5 na farko, kuma tun daga nan jifa ya riƙa rinjayar gudu, farashin masu cafke ya riƙa hawa. A 2024 ƙungiyar Vikings ta Minnesota ta ba Justin Jefferson dala miliyan 140 na shekara 4. A watan Maris na 2025 Bengals ta Cincinnati ta ba Ja'Marr Chase miliyan 161, shi ma na shekara 4, wato fiye da miliyan 40 kowace shekara.

To, da a ce a Turai ne, inda ƙungiya mai arziki kan sayi duk wanda ta ga dama, da babu gardama. Amma a Amurka akwai ƙa'idar albashi da ta hau kan dukan ƙungiyoyi 32 daidai wa daida. A 2025 iyakar abin da kowace za ta kashe kan 'yan wasanta dala miliyan 279.2 ne, kuma da wannan za ta ɗauki nauyin mutum 53. Kowace dala da aka ƙara wa mai cafke, daga bakin wani aka cire ta, ko mai tare wa majefi, ko mai gadi, ko mai farautar majefin abokan karawa. Nan ne gizo ke saƙar.

Masu cewa ba dole ba ne sai da gwani, babbar hujjarsu tana birnin Kansas. A watan Maris na 2022 Tyreek Hill, wanda da wuya a sami mai gudunsa a wasan, ya nemi ƙarin kuɗi. Ƙungiyarsa ta Chiefs ta ƙi kai inda yake so, ta miƙa shi ga Dolphins ta Miyami, ta karɓi damar zaɓen sababbin 'yan wasa har 5. Miyami ta ba shi miliyan 120 na shekara 4. Mutane da yawa suka ce Kansas ta karya ƙafarta da kanta. Me ya biyo baya? Hill bai ba Miyami kunya ba ko kaɗan: ya ci yadi 1,710 a kakar 2022, ya ci 1,799 a ta 2023. Amma duk shekarun biyu a wasan farko na zagayen fid da gwani aka kori Miyami, na biyun ma Kansas ɗin ce ta kore ta, da ci 26 da 7, cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi. Ita kuwa Kansas ta ɗauki babban kofi, wato Super Bowl, sau biyu a jere: ta doke Eagles ta Filadalfiya 38 da 35 a Fabrairun 2023, ta doke 49ers ta San Faransisko 25 da 22 a Fabrairun 2024. Da biyu daga cikin damar zaɓen da ta samu ne ta yi ciniki ta ɗauko mai gadi Trent McDuffie, wanda ya zama ginshiƙin tsaron da ya riƙe ta a kakar 2023, lokacin da masu cafkenta suka yi ta zubar da ƙwallo kamar an shafa musu man shanu a hannu.

Akwai kuma labarin Calvin Johnson, wanda ni a ganina ya fi ban tausayi. A 2012 ya ci yadi 1,964, ya shafe tarihin da Jerry Rice ya kafa, amma ƙungiyarsa ta Lions ta ci wasa 4 ne kawai cikin 16. A 2008 ma yana cikinta ta sha kashi a dukan wasanni 16. Ya bar wasa bayan kakar 2015 bai taɓa cin ko wasa ɗaya a zagayen fid da gwani ba. Randy Moss kuwa ya kai ƙwallo gida sau 23 a 2007, Patriots ta ci dukan wasanninta 16, sa'an nan Giants ta Niyu Yok ta kayar da ita 17 da 14 a wasan ƙarshe. Alhali ƙungiyar nan ta riga ta ɗauki kofi 3 kafin zuwansa da masu cafke waɗanda ba su kai rabin sunansa ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Mai cafke ɗan jira ne. Sai masu tarewa sun ba majefi daƙiƙa biyu ko uku, sai majefi ya hango shi, sai jifar ta zo daidai. Chase ya cafe ƙwallo 127 a wasa 17 na kakar 2024, ya fi kowa, amma in an raba bai kai 8 a kowane wasa ba. Majefi kuwa kusan kowane tashi ta hannunsa ƙwallo ke bi.

Amma fa kada mu yi saurin yanke hukunci, domin masu kafa hujja da Kansas sukan manta da abu biyu. Na farko suna da Patrick Mahomes, majefin da ya wurga yadi 5,250 a shekarar da Hill ya tafi. Na biyu suna da Travis Kelce, wanda sunan matsayinsa dabam ne, yana tsayawa kusa da masu tarewa, amma ya cafe ƙwallo 110 a wannan kakar. Ashe gwanin yana nan, riga kawai ya sake. Haka Patriots tana da Tom Brady a wancan lokacin. Ƙungiya nawa ce ke da irin waɗannan?

Ga wadda ba ta da su, amfanin gwani ya wuce abin da ake rubutawa a takardar ƙididdiga. In abokan karawa suna tsoronsa, dole su sa mutum biyu a kansa, su kuma ja wani baya can nesa. Da haka mutum 9 ne suka rage su tsare sauran 10, fili ya buɗe wa mai gudu da ƙwallo, ya buɗe wa ƙananan masu cafke. Sa'an nan akwai sa'ar da dabara ke ƙarewa. A Fabrairun 2022 Rams ta Los Angeles tana baya, lokaci ya kusa cika, abokin aikin Cooper Kupp, wato Odell Beckham, ya ji rauni a gwiwa ya fita. Duk mai kallo ya san wurin Kupp za a jefa, masu gadin Bengals ma sun sani, amma suka kasa hana shi. Ya cafe na ƙarshe saura minti 1 da daƙiƙa 25, aka tashi 23 da 20. Matsakaita uku ba sa yin wannan, domin mutum guda ne ake bukata ya fi mai gadinsa a wuri guda.

Titans ta Tennessee ta gwada dabarar Kansas ba tare da Mahomes ba. A Afrilun 2022 ta sallama A.J. Brown ga Filadalfiya don gudun biyansa. A Disamba suka haɗu, Brown ya kai ƙwallo gida sau 2, aka lallasa tsohuwar ƙungiyarsa 35 da 10, bayan kwana 2 aka kori manajan da ya yi cinikin. Filadalfiya ta je wasan ƙarshe a wannan kakar, ta kuma ɗauki kofi a Fabrairun 2025 da ta doke Kansas 40 da 22. Ko da yake, don a faɗi gaskiya, masu tsaronta da suka kayar da Mahomes ƙasa sau 6 su ne suka yi babban aikin ranar.

Ni dai inda na fi karkata shi ne, samun gwani alheri ne, wahalar tana wajen sayensa da tsada bayan ya yi suna. Tun 2011 an ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa da ake zaɓowa daga jami'o'i, suna yin shekara 4 da kuɗi kaɗan. Minnesota ta nuna yadda ake cin moriyar wannan a 2020: ta miƙa Stefon Diggs ga Bills ta Buffalo, ta yi amfani da damar zaɓe ta 22 da ta karɓa ta ɗauko Jefferson. Diggs ya fi kowa cafke a shekarar, ya taimaki matashin majefi Josh Allen ya tsaya da ƙafarsa, Minnesota kuma ta sami wanda ya fi shi da ɗan kuɗi. Sai dai zaɓe caca ne. Ƙungiyar da ta yi zaɓe na 21, gab da Minnesota, mai cafke ta ɗauka ita ma, ta tsallake Jefferson, kuma bayan kaka 2 ta rabu da nata.

Cincinnati ce ta ɗauki ɗaya hanyar har ƙarshenta. Ta zaɓi Chase na 5 a 2021, a shekararsa ta farko ta je wasan ƙarshe yana kan ƙaramin albashi. Daga baya ta ba majefinta Joe Burrow miliyan 55 a shekara, ta ba Chase fiye da 40, ta ba abokinsa Tee Higgins miliyan 115 na shekara 4. A 2024 Chase ya fi kowa yawan cafke, da yawan yadi, da kai ƙwallo gida, amma tsaron ƙungiyar ya yi ta yoyo, ta ci wasa 9 ta faɗi 8, ba ta shiga zagayen fid da gwani ba. A Satumban 2025 Burrow ya ji rauni a yatsan ƙafa ya yi watanni yana jinya, Chase yana fili lafiyarsa lau, kuma a wannan kakar ma ƙungiyar ba ta shiga ba.